Tsakanin Bakin Titi da Ƙofar Asibiti

Ina so in ba ku labarin wata sana'a wadda ba kasafai ake ambatonta ba idan Malam ya tambaye mu a aji abin da kowa yake so ya zama. Da an yi tambayar nan sai ka ji likita, injiniya, lauya, soja, matuƙin jirgin sama. Ban taɓa jin wanda ya ce yana so ya zama ma'aikacin motar asibiti ba. Ni kaina da a ce bara aka tambaye ni, da na ce ai wannan direba ne kawai, aikinsa ya kunna jiniya ya taka mota.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a ƙarshen hutun da ya wuce, muna cikin motar haya za mu komo makaranta. Muka tarar da wata ƙaramar mota ta ƙwace ta faɗa rami. Jama'a sun taru, kowa da kyakkyawar niyya, ana ta salati. Aka jawo wani mutum ta taga, wannan ya kama hannuwa, wancan ya kama ƙafafu, kansa yana reto kamar na ɗan akuya. Wani ya kawo ruwa ya ɗura masa alhali ba ya cikin hayyacinsa, sa'an nan aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura aka nufi gari. Da na isa makaranta na ba malaminmu na kimiyyar halittu labari, ina yabon ƙoƙarin mutane. Sai ya kama kai ya ce, "Kai yaro, in ƙashin wuyan mutumin nan ya tsage, to, ɗaukar da aka yi masa ta isa ta yanke lakarsa, ya shanye har ƙarshen ransa. Ruwan nan kuwa huhunsa zai iya bi." Na ce, "Allah gafarta Malam, to, da me za a yi?" Ya ce ai amsar tambayar nan tawa kwas ce guda, akwai mutanen da suke shekara biyu ko uku a kwaleji suna koyonta. Daga nan na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

Da farko sai mu san dalilin da ya sa wannan ɗan lokaci, daga faruwar abu zuwa isa asibiti, yake da haɗari haka. Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6, saboda jini ya daina kai mata iskar oksijin. Idan babbar jijiyar jini ta cinya ta yanke, mutum yana iya zubar da jinin da zai kashe shi cikin 'yan mintoci. Wanda ya suma ya kwanta rigingine, harshensa yana iya komawa baya ya toshe masa hanyar numfashi. Duk waɗannan ba su jiran likita. Kome gwanintar likitan da ke zaune a asibiti, sai an kai masa mai rai zai yi aiki. Saboda haka aka ga ya kamata a sami wasu mutane dabam waɗanda za su kai asibitin wurin majiyyaci, su riƙe ransa da ikon Allah har a danƙa shi ga likita.

Ƙasar da zan fi ba da misali da ita ita ce Amurka, domin a can ne aka tsara karatun wannan aiki hawa-hawa, kuma tarihinsa a rubuce yake. Kada ku ɗauka sun daɗe da shi. A shekarar 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar ta fitar da wani rahoto da ya girgiza su. Rahoton ya nuna cewa a 1965 kaɗai haɗurra iri-iri sun kashe mutum 107,000, kimanin 49,000 daga cikinsu a kan hanya. Ya kuma nuna cewa wajen rabin aikin ɗaukar majiyyata a ƙasar yana hannun masu sana'ar binne gawa ne, ba don sun san magani ba, sai don motarsu ce mai tsawon da mutum zai kwanta a ciki. Ku duba fa, wanda cinikinsa yake ga mutuwarka shi aka ba amanar kai ka asibiti! Har masanan da suka komo daga yaƙin Koriya da na Biyetnam suka ce sojan da aka yi wa mummunan rauni a fagen fama ya fi wanda mota ta buge a titin birni samun damar rayuwa, domin soja yana da abokin da aka horar kusa da shi.

A birnin Pittsburgh na Jihar Pennsylvania, 'yan sanda ne suke ɗaukar marasa lafiya a bayan motar da suke ɗaukar masu laifi. Unguwar baƙar fata ta birnin, wadda ake kira Hill District, ita ta fi shan wuya, don sau da yawa ko an kira ba a zuwa da wuri. A birnin akwai wani likita mai suna Peter Safar, haifaffen ƙasar Ostiriya, gwani a fannin sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata. Shi ne tun shekarun 1950 ya tabbatar da cewa hura wa mutum numfashi baki da baki yana ceton rai. A 1966 'yarsa mai shekara 11 ta kamu da matsanancin ciwon fuka yana wani gari wajen taro. An samu an tayar da zuciyarta a asibiti, amma an makara, ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu. Wannan rashi ya ƙara tabbatar masa cewa a kan titi da cikin gida ake cin nasara ko a fāɗi, tun kafin a iso asibiti.

A 1967 aka kafa ƙungiyar motocin asibiti ta Freedom House a wannan unguwa, Safar ya ɗauki nauyin horarwa. Su wa aka ɗauka? Samari baƙar fata, yawancinsu marasa aikin yi, waɗansu ba su gama sakandare ba, waɗansu sun komo daga yaƙi, waɗansu ma sun taɓa shiga hannun hukuma. Aka ba su horo na awa 300 cikin mako 32, suka zaga ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa, suka koyi abin da a lokacin ake ganin sai likita. A 1968 suka fara fita da motoci biyu. Ba a jima ba labarinsu ya bazu, har aka gane cewa talakan Hill District ya fi attajirin wata unguwa samun kulawa idan ciwo ya kama shi a hanya. Daga baya wata likita, Nancy Caroline, ta zama shugabarsu ta fannin magani, tana shiga mota tare da su dare da rana. Ita ce Gwamnatin Tarayya ta ba aikin rubuta manhajar farko ta horar da irin waɗannan ma'aikata, kuma littafin da ta wallafa a 1979 har yanzu ana sabunta shi ana karantawa a kwalejoji.

Ƙarshen labarin dai ba daɗi. A 1975 hukumar birnin ta janye kuɗinta, ta kafa tata ƙungiyar, aka cika ta da fararen fata, Freedom House ta rufe a watan Oktoba. Da yawa daga cikin mutanen da suka share hanya aka bar su a baya. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka daure, John Moon, ya yi ta hawa har ya zama mataimakin shugaban ma'aikatar. A ganina duk wanda zai karanta wannan fanni ya kamata ya san sunan unguwar nan, ko don ya san cewa ba 'ya'yan gata ne suka fara shi ba.

A tsakanin waɗannan shekaru sauran abubuwa suka yi ta zuwa. A 1968 aka fara amfani da lambar waya 911 a wani ƙaramin gari na Jihar Alabama, ko da yake Landan ta riga su da 999 tun 1937. A 1970 aka kafa hukumar rajista ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta NREMT, mai shirya jarrabawa. A 1973 Majalisa ta yi dokar da ta ba da kuɗi don kafa tsarin agajin gaggawa a yankuna. A wannan zamani ne kuma aka fito da shuɗin tauraron nan mai reshe shida da maciji a kan sanda, wanda za ku gani a jikin motocin asibiti har a garuruwanmu. Kowane reshe da ma'anarsa: gano abin da ya faru, kai rahoto, fitowa, kulawa a wurin, kulawa a hanya, da miƙa majiyyaci ga asibiti.

To, yanzu mu zo ga karatun kansa. A Amurka matakai huɗu ne, kamar tsani. Na ƙasa shi ne mai kai agajin farko, wanda yakan yi kwas na wajen awa 50 zuwa 60. Irinsa ake ba ɗan sanda, da mai gadin ma'aikata, da mai kula da wurin iyo. Ya san danna ƙirji da tsayar da jini, ya riƙe majiyyaci har mota ta iso.

Mataki na biyu shi ne wanda suke kira EMT, watau ma'aikacin agajin gaggawa, kuma nan ne ƙofar shiga sana'ar sosai. Kwas ɗin awa 150 ne zuwa 190, ana iya gama shi cikin zango ɗaya na karatu. Yawanci ana yin sa a kwalejin gari, watau ƙananan kwalejojin nan na gwamnati masu karatun shekara biyu, waɗanda kuɗinsu bai kai na jami'a ba, kuma suna da ajin dare domin masu aiki da rana. Abin da ake nema shi ne shaidar gama sakandare, da lafiyar jiki, da alluran rigakafi, da shaidar cewa mutum ba shi da mummunan laifi. Yawancin jihohi kuma sai ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasin. EMT yakan auna bugun jini da numfashi, ya ba da oksijin, ya ɗaure karaya, ya tsare wuya da baya, ya karɓi haihuwa in naƙuda ta zo a hanya, ya ba da 'yan magunguna kaɗan kamar asfirin ga mai ciwon ƙirji da sukari ga wanda sukarinsa ya faɗi. Mataki na uku, babban EMT, ƙarin awa 150 ne zuwa 250 a kan wancan, kuma shi an yarda ya huda jijiya ya sa ƙarin ruwa.

Ƙololuwar tsanin shi ne faramedik. Wannan karatu ne na fiye da awa 1,000, wanda yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ba a shigarsa sai da shaidar EMT a hannu. Kashi uku ne. Akwai na aji, inda ake karanta tsarin jikin mutum da yadda gaɓoɓi suke aiki, da ilmin magunguna, da cututtukan zuciya da huhu, da raunuka, da kula da yara da masu ciki da tsofaffi. Akwai na asibiti, inda ɗalibi yake zagaya ɗakuna yana aiki a gaban likita da nas. Sa'an nan akwai na cikin mota, inda ake haɗa shi da tsohon hannu, ya fara da kallo, ya koma taimako, a ƙarshe ya jagoranci aikin da kansa ana duba shi ana rubuta kurakuransa. Wanda ya gama yana iya karanta zanen bugun zuciya ya gane ciwon tun a ɗakin majiyyaci, ya zura bututu a maƙogwaro don numfashi, ya soka allura a ƙirji ya fitar da iskar da ta danne huhu, in jijiya ta ɓace ya huda ƙashi ya ba da magani ta nan. Amma duk da haka ba likita ba ne. Yana aiki ne bisa rubutattun ƙa'idoji da wani likita mai kula da ma'aikatarsu ya sa wa hannu, in abu ya wuce ƙa'ida sai ya kira asibiti ta rediyo ya nemi izini.

Wani abin da ya kamata mai neman makaranta ya lura da shi: tun daga ranar 1 ga Janairu, 2013, hukumar rajista ba ta barin kowa ya zauna jarrabawar faramedik sai wanda ya fito daga makarantar da aka tantance aka amince da ita. Watau mutum yana iya biyan kuɗinsa, ya ɓata shekara biyu, a ƙarshe a ce takardarsa ba ta da amfani. Wannan darasi ne da ya shafe mu mu ma, don ba mu rasa makarantun kiwon lafiya masu allo babba a bakin ƙofa da rajista babu.

Jarrabawar EMT da kwamfuta ake yi, kuma tana da wata dabara mai ban mamaki. Tambayoyin suna tsakanin 70 da 120. In ka amsa daidai sai ta kawo maka wadda ta fi wuya, in ka kuskure sai ta sassauta, har ta tabbatar da matsayinka, sai kawai ta tsaya. Saboda haka ba mai iya leƙen takardar maƙwabcinsa, kowa da tasa. Bayan an ci kuma ba a gama ba, domin duk shekara biyu sai an sabunta rajista da ƙarin karatu, awa 40 ga EMT, awa 60 ga faramedik. Dalili shi ne ilmin yana sauyawa. Alal misali, a dā ana koyar da cewa ɗaure hannu ko ƙafa tamau don tsayar da jini abu ne na ƙarshe da ake gudu. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan suka nuna yana ceton rai ƙwarai in an yi shi daidai, aka komo da shi cikin manhaja. Haka kuma doguwar katakon nan da ake ɗaure kowane mai rauni a kai, yanzu an rage amfani da ita.

Bari in ɗan ba ku ɗanɗanon darasi guda, don ku ga ba tatsuniya ba ce. Idan babban mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ana ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya bisa ɗaya, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti guda. Bayan dannawa 30 a hura numfashi 2. Faɗarsa da sauƙi, amma wanda ya gwada ya san cewa bayan minti biyu hannu yakan mutu, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Ana koyo ne a jikin mutum-mutumin roba, wanda wani mai ƙera kayan wasan yara ɗan ƙasar Norwe, Asmund Laerdal, ya fara yi a 1960. Dannawar nan ba ta cika tayar da zuciya ita kaɗai ba, tana dai tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ne kafin a kawo na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki. Ta farko da aka sa a motar asibiti, wadda Dakta Frank Pantridge ya haɗa a birnin Belfast a tsakiyar shekarun 1960, nauyinta ya kai kilo 70, da batirin mota take aiki. Ta yau kuwa ɗan firamare ma ya ɗauke ta da hannu ɗaya, tana magana tana gaya wa mutum abin da zai yi.

Iyaye za su ce, to, in ya gama ina zai yi aiki? Hanyoyin suna da yawa. A birane da dama na Amurka 'yan kwana-kwana ne suke riƙe da motocin asibiti, har ma kiran rashin lafiya ya fi na gobara yawa a wurinsu, don haka mai takardar faramedik yakan sami shiga aikin kashe gobara da sauƙi. Akwai kamfanoni masu ɗaukar majiyyata daga wannan asibiti zuwa wancan. Akwai ɗakin gaggawa na asibiti. Wanda ya yi shekaru yana aiki ya ƙara kwas, yana iya komawa jirgi mai saukar ungulu, ko rijiyoyin mai na cikin teku inda babu likita kusa. Akwai masu zama a ɗakin karɓar kira, waɗanda suke koya wa uwa ta waya yadda za ta ceci ɗanta da abu ya shaƙe kafin mota ta iso. Akwai kuma wani sabon reshe, inda faramedik yake bin masu ciwon sukari da na zuciya gida-gida yana duba su, don kada ciwon ya kai ga kiran mota.

A nan ne amfanin kwaleji yake fitowa. Mutum yana iya zama faramedik da satifiket kawai a yawancin jihohi, amma in ya haɗa da darussan Turanci da lissafi da kimiyya ya cika shekara biyu, sai a ba shi ƙaramin digiri, wanda Jihar Oregon ma ta wajabta. Da shi yake iya wucewa jami'a ya cika shekara huɗu. Jami'ar Pittsburgh, a garin su Safar, tana ba da digiri a wannan fanni. Mai digiri shi ake ba shugabanci da koyarwa da tsara shirin ko-ta-kwana na ambaliya da annoba. Waɗansu kuma sukan mai da aikin matakala, su bi ta kansa su zama nas, ko mataimakin likita, ko likita ɗungum, kuma makarantun sukan so su, domin sun riga sun saba da jini da kuka.

Kada in yi muku rufa-rufa, aikin yana da ɗaci. Albashinsa bai kai wahalarsa ba. Ƙididdigar Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta 2023 ta nuna matsakaicin abin da EMT yake samu a shekara kusan dala 39,000 ne, faramedik wajen dala 53,000, alhali nas tana samun wajen dala 86,000. Kada wani ya buga lissafi da naira ya ce ai kuɗi ne, don a can kuɗin haya kaɗai yakan cinye babban rabo, har waɗansu sukan haɗa aiki biyu. Ana yin awa 12 ko 24 a jere a bakin aiki. Ɗaukar masu nauyi a matakalar bene yana lalata baya. Ga zagi daga 'yan'uwan majiyyaci da suka ruɗe, ga haɗarin kamuwa da cuta, kamar yadda aka gani a annobar korona ta 2020. Mafi nauyi kuwa shi ne abin da ido ya gani ya ƙi fita daga zuciya, musamman in yaro ne ya mutu a hannunka. Saboda waɗannan dalilai mutane da yawa suna barin aikin bayan 'yan shekaru, ƙauyuka kuwa sun dogara ne ga 'yan sa-kai. Wanda yake son aikin don jiniya da kaki, ba zai daɗe ba.

Ba kowace ƙasa ce ta bi tsanin Amurka ba. A Ingila, tun daga Satumba 2021, sabon kwas ɗin da zai kai mutum ga rajistar faramedik sai ya zama na digiri, yawanci shekara uku. Jamus ta kafa horo na shekara uku a 2014. Faransa kuwa ta zaɓi wata hanya dabam, in ciwo ya yi tsanani likita ne da kansa yake shiga mota ya je. Ni dai tsarin hawa-hawa ya fi kwanta mini, domin ɗan talaka yana iya farawa da kwas na wata huɗu, ya sami aiki, ya riƙa biya wa kansa sauran karatun.

Mu komo gida. Haɗarin da na gani a hanya ba a Amurka ya faru ba, kuma halin da rahoton 1966 ya bayyana ya yi kama da namu na yau ƙwarai. Amma an fara motsi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da motocin ceto a manyan hanyoyi da lambar kira 122, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, ta kuma ware wani kaso na asusun kiwon lafiya don irin wannan jinya. Dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara gwajin tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa a Abuja. Mota kuwa ba ta ceton kowa in babu wanda ya san aiki a cikinta. Sau nawa muka ga sabuwar motar asibiti ba ta da aiki sai ɗaukar gawa?

Ta fannin karatu, Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna ta amince da manhajar difloma ta faramedik, ƙarama da babba, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin yana cikin wuraren da suka fara horar da su. Mai sha'awa a cikinmu sai ya riƙe darussan kimiyya da kyau, watau ilmin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fiziks, da lissafi, da Turanci, ya nemi kiredit a dukkansu, sa'an nan kafin Baba ya biya ko kwabo a tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda hukuma ta amince da su. 'Yan'uwana mata kada ku ce aikin maza ne. Ku tuna akwai gidajen da mace za ta gwammace ta yi ta fama da naƙuda ko zubar jini da a ce namiji baƙo ya shigo ya duba ta. A irin wannan gida mace mai wannan ilmi ita ce za a buɗe wa ƙofa.

Na koma wurin Malam da tambayata ta farko, ya ce in je ƙungiyar agaji ta makarantarmu in ji amsa. A zama na farko aka koya mana abin da ya kamata a yi wa mutumin nan na cikin rami: a fara tsare hanya don kada wata mota ta afka wa masu taimako, a kashe injin, a kira lamba, mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, a danne inda jini yake zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ruwa, kada kuma a jawo shi sai in wuta za ta tashi ko numfashinsa ya tsaya. In ɗaukar ta zama dole, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi lokaci guda, kai da wuya da baya a miƙe, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. Mun gwada da wani ɗan ajinmu a kan tsohon ƙyauren ƙofa, sai a karo na huɗu muka iya ɗaga shi ba tare da kansa ya karkace ba. Ranar Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa a ɗakin gwaje-gwaje. Mai zuwa wannan makon ya taho da tsohon zane ko rawani, ɗaurin karaya za a koya.